Kafin ka ciro kuɗi: tambayoyi da amsoshi kan sola, batir, firji da sauran kayan wuta na gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk inda na zauna maganar ɗaya ce: wuta da sola. A shago, a wurin ɗaurin aure, har a ƙofar masallaci bayan Isha'i, sai wani ya ja ni gefe: "Injiniya, don Allah minti biyu." Ni ba injiniya ba ne, aikin wayar wuta da haɗa sola nake yi a nan Kano, amma na gaji da gyara wa mutane sunan. Minti biyun kuma ba ya taɓa tsayawa a biyu. Shi ya sa na tattaro tambayoyin da suka fi dawowa na amsa su wuri guda. Ban sa farashi ba, domin kayan nan dala suke bi, abin da na faɗa yau kafin Juma'a ya zama tsohon zance.

Ina son sa sola a gida. Nawa zan tanada?

Malam, wannan kamar ka tambayi tela kuɗin ɗinki ne ba ka ce masa jamfa ce ko malum-malum ba. Kafin ka taka kasuwa, ɗauki biro da takarda ka zaga gidanka. Kowane kayan wuta akwai 'yar takarda manne a bayansa ko a gindinsa, da lamba da harafin W. Shi ne wat, yawan abin da yake ci. Ka ninka lambar da awannin da kake kunna shi.

Ga gidan wani malamin makaranta da na yi wa lissafi. Ƙwai 6 masu wat 9, awa 6: 324. Fankar sama 3 masu wat 70, awa 8: 1,680. Talabijin da dikoda wajen wat 60, awa 4: 240. Cajin wayoyi mu ce 60. Jimilla 2,304, wato yunit biyu da 'yan kai a ma'aunin mita, tunda yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya.

To, duba inda wutar ta tafi. Fanka uku sun lashe kusan kashi uku cikin huɗu. Da na nuna masa haka, muka sauya su da fankoki masu ƙarancin ci, irin waɗanda ba sa wuce wat 30, lissafin ya faɗo zuwa 1,344. Kuɗin fankokin bai kai kuɗin batir ɗaya da ya tsira daga saye ba. Mutane da yawa sukan fara da tambayar girman inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, alhali rage cin gidan shi ne aikin farko, kuma shi ya fi araha.

Wane batir ya fi: mai ruwa, busasshe ko litiyom?

A nan kuɗin mutane suka fi ƙonewa, don haka a yi mini haƙuri in ja maganar.

Batirin da aka rubuta wa bolt 12, amfiya 200 (12V, 200Ah), in ka ninka za ka samu 2,400. Mai shago zai ce maka ai ya ɗauke gidan malamin nan cif. Bai gaya maka sauran ba. Batirin dalma, mai ruwa ne ko busasshe, ba a shanye shi fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko. Saura 1,200. Inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Abin da zai shiga fankarka bai fi 1,000 da kaɗan ba. In kullum sai inbata ta yi kuka ta mutu sannan ka haƙura, batirin da ya kamata ya yi shekara uku ba zai ga damina ta biyu ba.

Litiyom, musamman nau'in da za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kullum, kuma mai kyau yakan jure caji da saukewa sau dubu uku ko fiye. Na dalma kuwa ɗaruruwa ne, in tubula ne, wato dogon batirin nan mai ruwa, mai kyau da kulawa ya haura dubu. Litiyom ɗaya mai bolt 24, amfiya 100, yana yin kusan aikin tubula biyu masu bolt 12, amfiya 200. Ranar saye ne yake da ciwo. In aljihu zai iya, shi nake ba da shawara. In ba zai iya ba, tubula mai ruwa ya fi busasshe jure zafinmu, da sharaɗin za a riƙa duba ruwansa.

Zafi kuma shi ne ajalin batirin dalma. An ƙera shi ne a kan ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage masa kusan rabin rayuwa. An taɓa kirana wani gida a watan Afrilu, wai sabbin batura sun daina riƙe caji. Na tarar an cusa su a sito ƙarƙashin kwano, ba silin, ba taga, ga buhunan gawayi jibge a gefe. Da na buɗe ƙofar sai da na ja baya, hucin kamar na gidan burodi. Batura huɗu duk sun kumbura kamar fanke, murfin ɗaya har ya tsage. Maigidan ya ce an cuce shi a kasuwa. Na ce Alhaji, wannan karon ba kasuwa ba ce, ɗakin ne.

Kada kuma ka haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya. Tsohon zai ja sabon su tsufa tare.

Ta yaya zan gane batirin jabu?

Ka ɗaga shi. Dalma nauyi gare ta, kuma ita ce tsadar batirin. Na gaskiya mai amfiya 200 yakan kai kilo 55 zuwa 65, sai ƙarti biyu sun kama. In ka ga yaron shago ya sungume shi shi kaɗai yana hira, kitse kake gani a rogo. Ka duba ranar da aka ƙera shi, domin batirin dalma da ya yi shekara a ajiye ba caji ya riga ya fara lalacewa tun kafin a kai shi gidanka. Ka kuma dubi kawunan da ake ɗaura waya: in akwai sawun sufana ko an goge su da sanfefa, an taɓa amfani da shi, an yi masa wanka ne kawai.

Ruwan batirina ya ja baya. Zan iya zuba ruwan leda?

A'a, Hajiya. Ba ruwan leda, ba na burtsatse, ba na rijiya. Duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke kashe farantan ciki. Tataccen ruwan batir ake zubawa, kuma ba a ƙara asid, domin ruwan ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. A duba sau ɗaya a wata, da bazara sau biyu. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta yayin caji, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana, ba a kuma haska shi da ashana don a ga ruwan.

Farantin sola nawa zai ishe ni, kuma me ya sa nawa ba ya ba da abin da aka rubuta?

Allah ya hore mana rana, amma ba daga fitowarta zuwa faɗuwarta take aiki sosai ba. A ƙasar Kano, in ka dunƙule hasken yini guda, yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Ni da 5 nake lissafi, sannan in zubar da kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya. Faranti mai wat 400 ke nan zai ba ka wajen 1,500 a yini. Gidan malamin can biyu ne za su riƙe shi kafin ya sauya fanka.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne faranti haske yake so, ba zafi ba. Lambar jikinsa an auna ta ne yana kan digiri 25, alhali da tsakar rana a kan kwano yakan haura 60, kuma kowane digiri yana zaftare kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa ba a kwantar da shi a jikin kwano, sai a ɗaga shi kamar faɗin tafin hannu iska ta riƙa ratsawa. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine shi digiri 10 zuwa 15, ruwan sama ya samu hanyar wanke shi.

Da hunturu kuwa, kai ne ruwan saman. Hazo yakan shimfiɗa masa ƙura har ka rubuta sunanka a kai da yatsa. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma liƙis, ba da rana tsaka yana tafasa ba. A kula da inuwa: reshen darbejiya ko ƙafar tankin ruwa da ya rufe kusurwa ɗaya yana iya durƙusar da layin gaba ɗaya.

Batun jabu, a tafi kasuwa da tef na awo. Farantan zamani suna ba da kamar wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Mai wat 500 na gaskiya tsawonsa ya kai mita 2, faɗinsa ya haura mita 1. Wanda ka iya rungumewa a hammata an rubuta masa 500, takardar ce kawai ta kai 500.

An ce in sayi babbar inbata don wuta ta daɗe. Haka ne?

Ba haka ba ne. Inbata ba ta haifar da wuta, ba ta kuma ajiye ta. Ita kamar bakin famfo ce, batir shi ne tanki. Girman baki yana nuna kaya nawa za ka kunna a lokaci guda, amma daɗewa aikin tanki ne. Hasali ma babbar inbata ta fi cin wuta tana zaune ba ta aikin komai.

Abubuwa biyu za ka tambaya. Na farko, lambar kVA ba ita ce wat ba: a yawancin inbatoci da janaretoci ka ninka da 0.8, wato mai 1.5 kVA wat 1,200 ce. Na biyu, ka nemi wadda wutarta ke fita sumul irin ta NEPA, wadda aka rubuta wa "pure sine wave" a kwali. Ɗaya nau'in mai araha za ka ji fanka na gurnani a kansa, kuma a hankali yana cin injin firji. Wajen kwantirolar caji, wato na'urar da ke tsakanin faranti da batir, in farantanka sun kai biyu manya, nau'in MPPT ta fi nau'in PWM tatso wuta, ta cancanci bambancin kuɗin.

Zan iya guga ko dafa ruwa da sola?

Duk abin da ke yin zafi mayen wuta ne. Dutsen guga wat 1,000 ne ko fiye, butar lantarki takan kai 2,000. Guga ta awa ɗaya ta shanye batirin tubula guda. In inbatarka ta isa ɗauka, a yi gugar tsakanin ƙarfe sha ɗaya da biyu na rana, lokacin da farantai ke ciyar da ita kai tsaye. Haka ma injin jan ruwa. Ruwan wanka kuwa a bar wa gas.

Firji na beljiyam ko sabo?

Ba na kushe na beljiyam gaba ɗaya, akwai masu ƙarfen arziki a cikinsu. Amma akwai wani harafi da kusan babu mai dubawa, kuma shi ne rabin labarin. A takardar da ke cikin firjin ko bayansa an rubuta ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N na wuraren da zafin ɗaki bai wuce digiri 32 ba ne. ST ya kai 38. T ya kai 43. Yawancin tsofaffin da ake kwasowa daga Turai N ne ko SN. Ka kawo shi Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗaki ya haura 38, sai kwamfiresa, wato injin firjin, ta yi ta gudu ba hutu, ruwa bai yi sanyi ba, mita na ta zuba. Nemi T, in babu, ST. Wanda aka kawo daga Amurka kuma a duba bolt ɗinsa, domin nasu 110 zuwa 120 ne, namu 230, soka shi kai tsaye ƙonewa ne.

In na hannu za ka saya, kada ka yarda da "yanzu muka kashe shi". A kunna a gabanka, ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo ka taɓa cikinsa. Ka sa takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe, ka ja: in ta zare salin-alin, robar ta mutu, sanyi zai riƙa zurarewa. Ka leƙa baya, in ka ga sabon walda a bututun kwamfiresa, an taɓa buɗe ta.

A ɗauko shi a tsaye. In dole ta sa aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura, a bar shi tsaye awanni da dama, ni kwana nake cewa, man da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa. A bar masa tazara da bango. Ga unguwar da wuta ba ta zama, da mai sana'ar ƙanƙara ko zoɓo, firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa in an ɗaga murfi.

Mai son ɗora firji a kan inbata ya sani cewa lokacin tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta, ko fiye, na ɗan daƙiƙa. A bar masa sarari a lissafi.

Wutar unguwarmu kullum a ƙasa take. Sitabilaiza za ta yi magani?

Za ta taimaka, in wutar ba ta faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta ba. Akwai mai ɗagawa daga bolt 140, akwai mai farawa daga 100 ko ƙasa. Ka sa a auna maka wutar gidanka da magariba, lokacin da kowa ya kunna, sannan ka saya. Amma ga firji, 'yar na'urar nan mai jinkirta wuta minti uku zuwa biyar ta fi muhimmanci. In an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, kwamfiresa ba ta iya tashi sai iskar cikinta ta lafa, a wannan kokawar take ƙonewa.

In kuma ka ga ƙwai ya yi wani haske fau wanda ba ka saba gani ba, fanka na gudu kamar za ta tsinke, kada ka yi murna. Sau da yawa wayar nutural ce, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta katse a layi, wutar na iya haurawa kusa da bolt 400. Ruga ka sauke babban makunni, sannan ka yi wa maƙwabta magana.

Mitarmu tana shanye kati da sauri. Ko an yi mata wani abu?

Gwada ta da kanka. Kashe komai na gidan ka dubi ɗan jan hasken da ke ƙiftawa. In ya ci gaba, ko dai akwai inda wuta ke zurarewa, ko wani ya jona a layinka, abin da ke yawan faruwa a gidan haya. In ya tsaya, kunna dutsen guga shi kaɗai ka ga yadda yake ƙiftawa, za ka gane waye ɓarawon. Yawanci hita ce, ko tsohon firji, ko esi.

Wani lokaci kuma ba cin ne ya ƙaru ba, yunit ɗin ne ya yi tsada. An raba layuka aji-aji: A na nufin alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin ajin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Ka duba rasit ɗin katinka, za ka ga ajinka, da ko ana cire maka tsohon bashi. Mutanen Kano da Jigawa da Katsina KEDCO za su kai wa ƙorafi, in ba a warware ba sai a wuce wurin NERC. Wanda ya zo ya ce zai "gyara" maka mita ta daina ci, ka sallame shi. Tarar da za ta biyo baya ta fi abin da ka tsira da shi.

Ina ya kamata in ajiye janareta?

A waje, a fili, nesa da taga. Ba a soro ba, ba a baranda mai rufi ba, ba a ƙarƙashin bene ba, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta haka. A gina masa keji mai iska a tsakar gida. Ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi. A sa makunnin sauya layi na gaske, kada a soka shi a soket, domin wutarsa na iya komawa kan turke ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton an ɗauke.

Me ya sa soket ɗin jona-jona ke narkewa?

Fulogin nan namu mai baki uku amfiya 13 ne iyakarsa, kusan wat 3,000, in na kirki ne. Na bakin titi ko rabin haka bai ɗauka. Guga, hita, firji, kowanne ya samu soket nasa a bango. In za ka sayi wayar wuta, ka kankare silin cikin da wuƙa: jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki, in fari ya bayyana alminiyam ne aka yi wa rufi. Wadda aka rubuta wa kauri 1.5 ta ƙwai ce, 2.5 ta soket, esi da hita 4.

Na sayi kaya ya lalace cikin mako, mai shago ya nuna mini inda aka rubuta ba a mayarwa.

Rubutun rasit bai fi doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba ka damar mayar da kayan da ya fito da aibi. Sai dai gaskiya, a Sabon Gari shugabannin layi sun fi saurin raba irin wannan rigima, kuma su ma abin da za su fara tambaya shi ne shaida. Don haka tun ranar ciniki ka sa a rubuta sunan kayan da lambar jikinsa da watannin garanti a rasit, ka ɗauki hotonsa da waya tunda tawadar kan goge, ka ajiye kwalin. Mai saye ta Facebook ko WhatsApp kuma, kada ya tura kuɗin batir ko faranti sai wani nasa ya je ya gani ya ɗaga.

Me zan yi da tsohon batir?

Ka mayar wa dillalan batir, suna saye da nauyi, wasu ma su rage maka a kuɗin sabo. Kada ka bar shi a tsakar gida yara na hawa, kada ka zubar da ruwansa a kwata, kada kuma ka bari a fasa shi ko a narka dalmar a cikin unguwa. Mu nan Arewa mun san abin da dalma ke yi: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙurarta daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ita ce dai a cikin baƙin akwatin nan da ke bayan ƙofarka. Kafin mai saye ya zo, ka ɗora shi a kan katako, a tsaye, a inda yaro ba ya kaiwa, kuma ka wanke hannu da sabulu in ka taɓa shi.